Aikin da Bai Kai Ilimin Ma'aikaci Ba: 'Yan Ci-rani a Turai

Aikin da bai kai ilimin ma'aikaci ba shi ne mutum ya kammala jami'a ko wata babbar makaranta, amma ya ƙare a sana'ar da ba ta buƙatar wannan karatun. A Tarayyar Turai 'yan ci-rani ne abin ya fi shafa. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta Eurostat na 2023 sun nuna kusan kashi 40 cikin 100 na ma'aikata baƙi masu ilimi mai zurfi, waɗanda ba 'yan ƙasashen Tarayyar ba, suna cikin wannan hali, alhali a tsakanin 'yan ƙasa kashi 21 ne. Matsalar ta fi tsanani a Girka da Italiya da Sifaniya, kuma ta fi taɓa mata.

Ɗaya daga cikin manyan dalilai shi ne rashin amincewa da takardun shaidar karatu na waje. Ma'aikaciyar jinya da ta shekara goma a asibiti sai ta koma yi wa tsofaffi wanka da gyaran gado kafin a tantance takardunta, injiniya kuma yana ɗaukar kaya a sito. Wannan asara ce babba ga mai ilimin da ƙasar da ta karɓe shi. Wasu dalilan kuma su ne rashin ƙwarewa a harshen ƙasar da wariya wajen ɗaukar aiki. Don rage matsalar takardu, a 2012 Jamus ta fara aiki da dokar da ta ba baƙi 'yancin neman a tantance ƙwarewarsu.