Rake da Sarauta: Yadda Amurka Ta Haɗiye Hawayi

A shekarar 1890, dokar harajin McKinley ta kawar da fifikon da sukarin Hawayi yake samu a kasuwar Amurka. Manyan masu gonakin rake, yawancinsu 'yan asalin Amurka, suka ga ribarsu ba za ta dawo ba sai tsibiran sun shiga hannun Amurka. A Janairun 1893 suka hamɓarar da Sarauniya Liliuokalani, sojojin ruwan Amurka na girke kusa da fadarta. Shugaba Cleveland ya yi tir da hakan, ya janye yarjejeniyar haɗewa. Sai yaƙin Amurka da Sifen na 1898 ya mayar da Hawayi zango a hanyar Filifin. Majalisa ta haɗiye tsibiran, ta yi watsi da koken 'yan ƙasa sama da 21,000 da suka ƙi amincewa.