Gadarif: Zangon Da Ya Zama Gida

A ganina, wanda duk yake son fahimtar tarihin Gadarif, sai ya fara da ƙasarta. Garin yana gabashin Sudan, a kan hanyar Habasha. Ƙananan duwatsu sun kewaye shi, bayansu kuwa fili ne na baƙar laka iya ganin ido. Da rani lakar takan tsattsage, da damina ta riƙe ruwa, dawa da riɗi su yi albarka.

Asalinsa kasuwa ce da ake kira Suƙ Abu Sin, da sunan shugaban Larabawan Shukriyya. A 1898 rundunar Masar ƙarƙashin Turawan Ingila ta ƙwace shi daga hannun mayaƙan Mahadi. Bayan yaƙin Burmi na 1903, ayarin mutanenmu masu hijira da masu nufin Makka a ƙafa ya ƙaru. Da yawansu sukan yada zango a nan, su yi ƙwadago don tara guzuri. Yau da gobe aka yi aure, aka haihu, tafiyar ta tsaya.

Wajen 1945 aka fara noma da tarakta a Gadambaliya, yamma da garin. To amma tarakta huɗa ta iya, yankan riɗi sai da hannu. Da gumin irin waɗannan baƙi Gadarif ta zama rumbun Sudan.

Sai dai rumbun yana fama da ƙishirwa. Babu kogi a garin, daga kogin Atbara ake janyo masa ruwa. Tun da yaƙi ya ɓarke a 2023, masu gudun hijira suka sake cika shi, ruwan kuwa da ma bai wadaci 'yan gari ba.