Malick Sidibé, Mai Hoton Samarin Bamako

Malick Sidibé mai ɗaukar hoto ne ɗan ƙasar Mali, wanda ake wa laƙabi da "Idon Bamako". Bafulatani ne, an haife shi a ƙauyen Soloba a tsakiyar shekarun 1930, kuma da kiwo ya fara kafin a sa shi boko. Iya zane ne ya kai shi makarantar sana'o'in hannu ta Bamako. A 1955 ya zama yaron shagon wani Bafaranshe mai hoto, Gérard Guillat, daga baya ya buɗe nasa, Studio Malick, a unguwar Bagadadji.

Abin da ya bambanta shi da sauran masu hoto shi ne bai tsaya jiran kwastoma a shago ba. Mali ta samu 'yancin kai a 1960, samari da 'yan mata suka shiga kafa kulob-kulob a unguwanni, ana sa faifan James Brown da kiɗan Kuba. Sai ya rataya kyamara ya bi su, a dare ɗaya ya zaga wuri fiye da ɗaya, ya koma ya wanke fim, ya manna hotunan a kwali kowa ya zo ya zaɓi nasa. Ran Lahadi kuma yana bakin kogin Neja inda matasa ke shaƙatawa. A shago, wani ya zo da babur, wani da rediyo, wani da sabon wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa, kai har da mai zuwa da tunkiyarsa. Duk wanda ya taɓa bin layin mai hoto ran Sallah, a Gombe ko a Sabon Ibadan, ya san wannan yangar.

Hotonsa mafi shahara shi ne "Nuit de Noël" na 1963: saurayi cikin kwat da budurwa ba takalmi suna rawa, kawunansu sun kusa haɗuwa. A ganina, natsuwar da ke fuskokinsu ta fi kayan jikinsu jan ido.

Turai ba ta farga da shi ba sai a shekarun 1990. Ya samu kyautar Hasselblad a 2003, sannan a 2007 aka ba shi Zakin Zinariya na baje kolin Venice, mai hoto na farko kuma ɗan Afirka na farko da ya karɓe shi. Ya rasu a Bamako ran 14 ga Afrilu, 2016, ya bar dubban fina-finan hoto jere cikin kwalaye.