KASHI NA 27: Motar Cikin Kwali, Daga Tallan Dillalai Zuwa Kayan Tarihi

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Bari in fara da tambaya. Wa ya taɓa ƙera motar kara ko ta langa-langa yana yaro? Ni dai na yi. Mu farke gwangwanin madara, mu yanko taya huɗu a jikin tsohon silifa, mu ɗaura zare muna ja a lungu. To bara wani ɗan uwana ya dawo daga karatu a waje, ya kawo min tsarabar wani kwali mai hoton mota a kai. Na buɗe, ba mota a ciki, sai gutsattsarin roba kusan ɗari da takardar bayanin yadda ake haɗa su. Na ce ai wannan mai sauƙi ne. Na ɗauko sufa gulu na liƙa gilashin gaba, kafin gari ya waye gilashin ya yi fari fat kamar an hura masa hazo. Ashe tururin wannan gam ɗin ɓata roba mai sheƙi yake yi. Haushin wannan ɓarnar ne ya tura ni karatun inda abin ya samo asali, kuma shi na kawo muku yau.

Da farko mu fahimci ma'auni. In ka ga an rubuta 1/25 a kwali, ana nufin an raba kowane tsawo na ainihin motar gida 25. Mota mai tsawon mita biyar za ta koma santimita 20, kusan taƙi ɗaya ke nan. Fijo 504 da muka sani, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, za ta zo wajen santimita 18. Kuma ita ma waccan Fijon ai da sassanta aka riƙa kawo ta daga Faransa ana haɗawa a nan, to kusan haka abin yake, sai dai wannan a kan teburinka za ka haɗa, ka yi fenti, ka liƙa lambobi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, tun asali ba don yara aka fara yin su ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Amurkawa sun yi ta rububin sayen sabuwar mota, dillali kuma ba zai iya ajiye kowane samfuri da kowace kala a shagonsa ba. A 1948 wani lauya mai suna West Gallogly ya kafa kamfanin AMT a jihar Michigan, kusa da Detroit, cibiyar ƙera motocin Amurka. Ya fara da ƙaramar Ford ta alminiyum, ba a jima ba ya koma roba, saboda ita ana iya zuba ta da kalarta ba sai an yi fenti ba. Dillali ya jera su a kanta ya nuna maka kaloli, in ka gwada tuƙa mota ya ba ɗanka ɗaya kyauta. Wato talla ce tsantsa, kamar kalandar da ake rabawa a ƙarshen shekara.

Robar farkon nan tana da wani aibi. Asitet ake kiranta, kuma in ta daɗe sai ta lanƙwashe. Shi ya sa yau in ka ga hotunan na shekarun 1950, za ka ga rufin wata ya lotsa, bambar wata ta karkace kamar tana murmushi. Sai da aka koma wata robar mai riƙe siffarta sannan aka huta.

A can California kuma akwai Lewis Glaser, mai kamfanin Revell. A 1951 ya fito da jerin tsofaffin motoci na farkon ƙarni, irin su Maxwell, amma bai haɗa su ba. Ya zuba sassan a kwali, mai saye ya haɗa da kansa. Kun ga dabara: kamfani ya huta da biyan ma'aikatan haɗi, mai saye kuma yana murna an ba shi aiki. Suka yi kasuwa sosai. AMT ma suka lura cewa ƙarfen zubin da suke yi wa dillalai aiki da shi zai iya fitar da sassa a warwatse. A 1958 suka kawo abin da suka kira uku a ɗaya: kwali guda, amma kana da zaɓi, ko ka haɗa motar yadda ta fito daga masana'anta, ko ka yi mata kwalliyar 'yan gayu, ko ka mai da ita ta tsere. Daga nan zuwa tsakiyar shekarun 1960 abin ya zama ruwan dare a tsakanin samarin Amurka. Har masu gyaran motocin gayu irin su George Barris da Ed Roth suka shiga, ana buga sunayensu a kwalaye, yara na kallon su kamar yadda muke kallon 'yan ƙwallo.

To a nan nake so ku ba ni hankalinku, domin nan ne zuciyar labarin. Yadda ake yin waɗannan sassa shi ne a narka roba a tura ta da ƙarfi cikin wani ƙarfe da aka sassaƙa siffar motar a cikinsa. Ku ɗauka kamar abin buga bulo, sai dai wannan tsada gare shi ƙwarai, kuma sassaƙa shi na cin watanni. Kamfanonin motar Amurka kuwa a wancan zamani duk shekara sai sun canza fuskar mota, su sauya fitila, su sauya bamba. Sukan ba masu ƙananan motocin zanen sabon samfuri a asirce tun kafin a ƙaddamar da shi, don ƙarama ta fito lokaci ɗaya da babba. To kamfanin da ke da ƙarfen samfurin bana, mai zai sa ya sassaƙa sabo fil na baɗi? Sau da yawa sai ya ɗauko na bana ya sake sassaƙe shi ya koma na baɗi. Da zarar an yi haka, samfurin bana ya tafi ke nan, ba a iya sake buga shi. Wasu ƙarafan ma an farke su gaba ɗaya an mai da su na motar tsere. Wasu an sayar a matsayin bola. A 1977 da kamfanin Monogram ya sayi ƙarafan kamfanin Aurora, jirgin ƙasan da ya ɗauko su ya yi hatsari a hanya, wasu suka lalace.

Ga yaran da suka saya kuma, ba wanda ya yi tunanin ajiya. An haɗa, an lafta gam, an yi wasa, uwa ta share ɗaki ta zubar. Ka ga an rasa ta gefe biyu, ƙarfen ya tafi, abin da ya buga ma ya tafi. Shi ya sa kwalin da yaro ya saya da kuɗin kashewarsa a wancan zamani, yau manya ke takara a kansa wajen gwanjon intanet.

Kasuwar Amurka ba ta ɗore a sama ba. A shekarun 1960 hankalin iyaye ya tashi saboda wasu yara sun fara shaƙar gam ɗin don su bugu. Mu nan ba sai an yi mana bayani ba, mun san abin da sholisho ya yi wa matasanmu. Wasu garuruwa suka taƙaita sayar wa yara, kamfanin Testors kuma ya zuba wani mai a gam ɗinsa wanda ke yaji a hanci don ya hana shaƙa. Sai ga rikicin man fetur na 1973, roba kuwa daga fetur ake samun ta, farashi ya tashi. Bayan haka wasannin bidiyo suka zo suka kwashe yaran. Revell da Monogram, manyan kishiyoyi, sai da suka haɗe a 1986.

Lokacin da Amurka ke sanyi, Japan na zafi. Akwai birnin Shizuoka, wanda ya daɗe da suna wajen sassaƙar katako. A can Yoshio Tamiya ya buɗe wurin yankan katako a 1946, ya shiga yin ƙananan jirage na itace, da robar Amurka ta kashe masa kasuwa shi ma ya koma roba. Ɗansa Shunsaku Tamiya shi ne ya ɗaga kamfanin. Su ba tallan dillali suke yi ba, burinsu daidaito. Labarin da ya fi shahara a kansa shi ne, da suka so yin Porsche 934 a ma'aunin 1/12, sai ya sayi ainihin Porsche 911, ma'aikatansa suka kwance ta ƙusa bayan ƙusa suna aunawa. Da suka gama, mayar da ita ya gagare su, sai da aka kira makanikan da suka san motar. Ƙaramar ta fito a 1976. Shunsaku ya rasu a 2025 yana da shekara 90, kuma har yau duk watan Mayu ana babban baje kolin wannan sana'a a Shizuoka, yankin da kamfanoni irin su Aoshima da Hasegawa su ma suke.

Yau yawancin masu wannan sha'awa manya ne, waɗansu ma jikoki gare su. Wani kamfani a jihar Indiana mai suna Round 2 shi ke riƙe da sunan AMT da tsofaffin ƙarafansa. Suna tono waɗanda suka tsira, su gyara, su sake bugawa har da irin zanen kwalin da. Inda ƙarfe ya ɓace, wani lokaci tsohon kwalin da wani ya adana ake aunawa a sassaƙa sabo. Ku duba fa, abin da aka yi don a raba kyauta ko yaro ya lalata, shi ya koma shaidar da ake dogaro da ita. Akwai motocin da da wuya ka ga ainihinsu a titi yanzu, amma ga siffarsu da kalarsu a roba.

Wannan ya haifar da gardamar da har yanzu ba ta mutu ba a tsakaninsu. Ɓangare ɗaya na cewa tsohon kwalin da ba a taɓa buɗewa ba amana ce, in ka yage ledarsa ka rage adadin da ya saura a duniya, darajarsa ma ta faɗi. Ɗaya ɓangaren na cewa don a haɗa aka yi shi, ajiye shi a rufe kamar ka sayi littafi ne ka ƙi karantawa. Ni a nawa ganin, in ƙarfensa na nan ana sake bugawa, buɗe ka haɗa, ba abin da ka rage wa kowa. In kuwa ƙarfen ya riga ya salwanta, to ka bar shi, domin wanda ke hannunka na iya zama abin da za a auna gobe.

Kuma wannan ya sa na koma tunanin motocinmu na kara da langa-langa. Su ba su da ƙarfen zubi kwata-kwata, kowace ɗaya ita kaɗai ce irinta, kuma ban san ko mutum ɗaya a unguwarmu da ya ajiye tasa ba. Ni ma ban ajiye ba. In akwai wanda har yanzu yake da tasa, ko ƙaninsa na ƙerawa, don Allah ya ɗauki hoto ya turo mana, kuma kada a zubar da ita.

Tawa motar mai farin gilashi tana nan a kan shelf, ban canza gilashin ba. Sai mun haɗu a kashi na gaba in Allah ya kai mu.