Shaharar Masu Yaɗa Gem Kai Tsaye: Shin Gasar Wasannin Bidiyo Daidai Take da Wasannin Motsa Jiki?

Tambaya:

Ɗana ɗan shekara 15 ya shaƙu da kallon masu buga gem kai tsaye a intanet. Yana cewa sana'a ce kamar ƙwallon ƙafa, kuma ita yake so ya yi. Mene ne gaskiyar wannan shahara? Shin gasar gem wasa ce kamar sauran wasanni? Kuma mene ne matsayin kuɗin da ake ci a cikinta?

Amsa:

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah. Bayan haka:

Na farko: ka rarrabe mutum biyu da ake cakuɗa su

Ka sani, ya kai mai karatu, mai yaɗa gem daban, ɗan gasa daban. Mai yaɗawa yana zaune gaban kyamara yana wasa yana hira, jama'a na kallo suna rubuto masa saƙonni. Jarinsa bakinsa ne da iya riƙe hankalin mutane, ko da bai gwanance ba. Ɗan gasa kuwa yana ƙarƙashin ƙungiya da mai horarwa, ana biyansa albashi, kuma nasara ce ma'auninsa. Na farkon ya fi kama da mai gabatar da shiri a talabijin, na biyun shi ne ake kwatantawa da ɗan ƙwallo.

Dandalin Twitch, wanda ya yi fice a wannan harka, an buɗe shi a 2011, kamfanin Amazon ya saye shi a 2014 kan kusan dala miliyan 970. A watan Maris na 2018, Ba'amurke Tyler Blevins, wanda aka fi sani da Ninja, ya tara masu kallo sama da 600,000 a lokaci guda yana buga Fortnite. A 2019 kamfanin Microsoft ya ɗauke shi zuwa nasa dandalin mai suna Mixer, shekara guda bayan nan aka rufe dandalin. Ka lura da wannan: gidan da shaharar take zaune a ciki na haya ne.

Kuɗin mai yaɗawa yana zuwa ne daga rajistar wata-wata ta mabiya, da kyautar masu kallo, da talla. A nan ne wajen taka-tsantsan, domin kamfanonin caca suna cikin manyan masu ɗaukar nauyi. Abin ya kai Twitch ya haramta yaɗa wasu shafukan caca a watan Oktoba na 2022, sannan aka buɗe dandalin Kick, wanda masu shafin caca na Stake ke bayansa.

Adalci kuma shi ne a faɗi alherin da ke akwai. A watan Janairu na 2022, Hassan Sulaiman, mai laƙabin AboFlah, wanda ya yi suna da bidiyon gem cikin Larabci, ya zauna kwana 12 cikin ɗakin gilashi a Dubai yana yaɗa shiri, aka tara dala miliyan 11 domin 'yan gudun hijira da mabuƙata a lokacin sanyi.

Na biyu: inda gasar gem ta yi kama da wasanni

Ba za ka gamsar da ɗanka ba idan ka ce masa babu gwaninta a ciki, domin ya san akwai. Ana buƙatar saurin ido da yatsu, da dabara, da haɗin kai, da atisayen sa'o'i masu yawa a kullum. Akwai dokoki da alƙalan wasa da 'yan kallo. A 2018 ɗan Saudiyya Musa'id Al-Dausari ya lashe kofin duniya na gem ɗin FIFA a Landan. A 2019 Kyle Giersdorf, ɗan shekara 16, ya ci dala miliyan 3 a gasar Fortnite a New York. Gasar da aka yi a Riyad a 2024 kyautarta ta haura dala miliyan 60.

A gasar wasannin Asiya da aka yi a Hangzhou ta ƙasar Sin a 2023, an raba lambobin yabo a gem kamar yadda aka raba a gudu da ninƙaya. Ɗan Koriya ta Kudu Lee Sang-hyeok, wato Faker, ya samu zinare tare da tawagarsa, aka ɗauke masa cikakken aikin soja na dole, irin rangwamen da ɗan ƙwallo Son Heung-min ya samu da zinarensa na 2018.

Na uku: inda suka raba hanya

Bambancin farko jiki ne. Mai gudu ko mai kokawa, ko bai ci gasa ba, ya tsira da ƙarfi da lafiya. Mai gem kuwa zama yake yi. Jian Zihao, wato Uzi, ɗaya daga cikin fitattun 'yan wasan ƙasar Sin, ya sanar da ajiye wasa a 2020 yana da shekara 23, saboda ciwon suga da ciwon hannu.

Na biyu mallaka. Ƙwallon ƙafa ba ta kowa ba ce, yara na bugawa a kan layi ba tare da izinin wani ba. Kowane gem kuwa hajar kamfani ne: shi ke sauya dokoki, shi ke ba da izinin gasa, kuma yana iya rufe shi ranar da riba ta ja baya.

Na uku, an tsara yawancinsu ne don kada ka tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar gem cikin jerin cututtukanta a 2019. Alamominta su ne mutum ya kasa sarrafa lokacin wasansa, ya fifita shi kan sauran lamuransa, ya ci gaba duk da cutarwar da yake gani, galibi tsawon wata 12. A 2021 ƙasar Sin ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 gem na intanet zuwa kimanin sa'a uku a mako.

Saboda haka, gasar gem gasa ce ta gaske, amma ta fi kusa da wasannin tunani irin su dara da shaɗaranji fiye da sukuwa ko kokawa.

Na huɗu: hukuncin wasan da kuɗinsa

Musulunci bai hana gasa ba. Ya tabbata cewa Annabi (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) ya shirya tseren dawaki a Madina, kuma ya yi tseren gudu da Nana A'isha (Allah Ya yarda da ita). Gem kuwa sabon abu ne, don haka malaman zamani suke auna shi da abin da ke cikinsa. Da yawansu sun halatta wanda ya kuɓuta daga tsiraici, da girmama gumaka ko sihiri, da caca, matuƙar bai hana salla a kan lokaci ko haƙƙin iyaye da iyali ba. Wasu sun ƙara tsanantawa saboda kiɗa da ɓata lokaci.

Maganar kuɗi ta fi tsauri. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito hadisin Abu Huraira da ya taƙaita kyautar gasa ga harbi da tseren raƙuma da na dawaki. Jumhurun malamai sun tsaya kan waɗannan ukun, Ibnu Taimiyya da Ibnul Ƙayyim suka haɗa da abin da ke ƙarfafa addini, kamar gasar ilimi. Daga nan sura biyu suke fitowa:

Idan 'yan wasan ne suka haɗa kuɗi wanda ya ci ya kwashe, wannan caca ce. Haka malamai da dama suka ɗauki tsarin “wanda aka ci ya biya” da aka saba da shi a gidajen gem na unguwanninmu. Haka nan sayen akwatin sa'a a cikin gem, wanda ba ka san abin da ke ciki ba sai ka biya. Ko ƙasar Beljiyam ta sanya shi cikin caca tun 2018.

Idan kuwa kyautar daga wani ce na daban, kamar kamfani ko hukuma, malamai sun yi saɓani: wasu sun ɗauke ta kyauta ce halal a kan wasa halal, wasu sun hana saboda zahirin hadisin.

Na biyar: abin da za ka gaya wa ɗanka

Kada ka fara da ƙwace waya. Zauna ka kalli wanda yake bi, ka ji harshensa, ka ga abin da yake tallatawa. Sannan ka nuna masa cewa sunayen da ya sani 'yan ƙalilan ne cikin miliyoyin masu yaɗawa, mafi yawansu kuwa masu kallonsu ba su cika ɗaki guda ba. Kada hangen hadari ya sa shi wanka da kashi. Idan yana da sha'awar fannin, akwai ilimin da ke ƙarƙashinsa: rubuta manhaja, da zane, da tace bidiyo, waɗanda suke zama sana'a ko shahara ba ta zo ba. Ku yanke lokacin wasa tare, bayan salla da karatu, kuma ku ba jiki haƙƙinsa a fili. Ka tuna masa cewa magabata sun kasance suna tsoron shahara, domin mai neman yardar dubban mutane a kullum yana wahalar cewa a'a.

Allah ne Mafi sani.