Daga Ɗaukewar Wuta zuwa Ƙaryar Faifai: Waiwaye kan Tsarin Fayil

Duk wanda ya haɗa 'yar sabar ajiya a gida, faifai biyu ko huɗu cikin tsohuwar kwamfuta don hotunan biki da takardun fili, tambayar da ke fara tare shi ita ce wane tsarin fayil zai shimfiɗa. Tambayar ta daɗe, abin tsoron ne ya yi ta sauyawa.

A 1993, lokacin da Rémy Card ya fitar da ext2 don Linux, dodon shi ne ɗaukewar wuta. In ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, sai kwamfuta ta bi faifan kaf tana neman ɓarna kafin ta tashi, a je sallah a dawo ba ta gama ba. Mu da muka tashi a hannun NEPA ba sai an yi mana dogon bayani ba. Magani ya zo da ext3 a 2001: kafin a taɓa komai sai a rubuta niyya a wani ɗan kundi, in wuta ta dawo kundin kaɗai za a duba. A 2008 ext4 ya gaje shi, har gobe kuma yana aiki kamar jaki, ba ƙorafi.

Amma kundi bai san faifai na yin ƙarya ba. Faifai kan miƙo maka fayil da ya ruɓe a ɓoye, ya ce lafiya lau. RAID, wato tsarin haɗa faifai da yawa su tallafi juna, wanda masana a Berkeley suka raɗa wa suna a 1987, yana ceto idan faifai ya mutu murus. Idan kuwa kwafi biyu suka saɓa, bai san mai gaskiya ba.

Nan ZFS ya shigo. Jeff Bonwick da Matthew Ahrens suka fara shi a kamfanin Sun a 2001, ya fito a 2005. Kowane guntun bayani yana da lambar shaida da aka ajiye a wani wuri dabam. In aka karanta ba su dace ba, sai ya ɗauko lafiyayyen kwafi daga ɗaya faifan ya gyara. Ba ya kuma rubutu a kan tsohon bayani sai sabon ya zauna daram. Lasisinsa ne ya hana shi shiga cikin Linux kai tsaye, da Oracle ta sayi Sun a 2010 kuma ta rufe ƙofa. Masu kishinsa suka ci gaba da shi da sunan OpenZFS tun 2013, shi ne ƙashin bayan manhajar sabar ajiya ta TrueNAS.

Btrfs, wanda Chris Mason ya fara a 2007, ya shiga Linux a 2009 da irin wannan alkawari. Ya cika rabi: kwafi biyu yana riƙewa lafiya, amma RAID5 da RAID6 nasa har yau masu shi na gargaɗi a kansu. Synology ma, mai ƙera na'urorin ajiya, da ke amfani da shi, a kan wani RAID dabam ta ɗora shi.

Ni dai hukuncina, faifai ɗaya, ext4 ya wadatar. Daga biyu zuwa sama, ZFS. Kowanne ka ɗauka, ka ajiye kwafi a gidan ɗan'uwa, don lambar shaida ba ta hana gobara ko ɓarawo.