Daga Gindiri Zuwa Gusau: Laifi Ne Ko Larura?



Tun kafin zuwan boko, ƙasar Hausa ta san da masu larura. Akwai Sarkin Makafi da Sarkin Kutare, kurame kuma suna da maganar hannu tasu. Makaho kan haddace Alƙur'ani a makarantar allo, domin karatun na kunne ne da baki. Da boko ta zo da baƙin allo, alli da jarrabawar rubutu, sai aka bar waɗannan yara a bakin ƙofa.

A 1953 mishan suka buɗe makarantar makafi ta farko a Najeriya, a Gindiri ta jihar Filato ta yanzu. A 1977 Manufar Ilimi ta Ƙasa ta ware sashe na ilimin masu buƙata ta musamman. Dokar UBE ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta ga kowane yaro. A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu larura wariya, wadda ta ba su ilimi kyauta har sakandare, ta kuma bukaci makarantun gwamnati su tanadi malamin da aka horar domin su, da rubutun makafi da maganar hannu.

Duk waɗannan sun yi maganar shiga aji. Abin da ba su fayyace ba shi ne abin da ke faruwa idan malami ya ɗaga bulala.

Mu 'yan Zamfara wannan ya shafe mu kai tsaye. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, kuma dalma na taɓa ƙwaƙwalwar wanda ya rayu, ta rage masa fahimta da natsuwa. A 2017 sanƙarau ya fi yin ɓarna a jiharmu, ciwon da kan bar mutum da kurumta. Yaron da ya tashi daga jinya ya koma firamare a Tsafe ko Bunguɗu, malami ya kira shi sau uku bai waiwayo ba, me za a ce? Taurin kai. Sai duka, sai kamun kunne, daga nan iyaye su ce ba shi da kan boko, a cire shi.

Amurka ma ta sha wannan gwagwarmaya. Dokarsu ta 1975 ta buɗe makarantu, amma aka ci gaba da korar yaran da sunan rashin ɗa'a, har Kotun Ƙoli ta taka birki a 1988. A 1997 aka ƙara sharaɗi: kafin a yi wa ɗalibi mai larura doguwar kora, sai iyaye da malamai sun zauna sun duba ko larurar ce ta jawo halin.

Wannan zaman ba ya buƙatar sabon gini ko kwangila. Hedimasta a Gusau zai iya fara shi gobe.

Mu kuma masu alƙalami, littattafanmu sun cika da makaho mai bara da kurman ban dariya. Wa zai rubuto mana yaron da ke bencin baya, wanda ake duka kan umarnin da bai ji ba?

Allah Ya sa mu dace.